BABI NA HUƊU: HANNUN MAKAƊI DA ƘIRAR WAƘA A KIƊAN TSIRKIYA NA ƘASAR BOƊINGA DA SHAGARI

4.0 Shimfiɗa

A babin da ya gabata an kawo bayanin kayan kiɗan tsirkiya da yadda ake haɗa kowanensu. A wannan babi kuwa za a yi ƙoƙarin tarken waƙoƙin da ake yi da waɗannan kaya, wato kuntigi da garaya da gurmi da molo da goge da kukuma. Abin da babin yake son tabbatarwa shi ne, makaɗin tsirkiya ba ya ƙirƙirar waƙa da baka kaɗai sannan ya nemo mata kiɗa daga baya. Yawan tsirkiyoyin da ke gabansa da yadda yatsunsa suke iya motsi a kansu, su ne suke yanka wa waƙar tsawon layi da wurin numfashi, har ma da irin kalmomin da za su zauna a cikinta. Saboda haka duk mai son ya shirya wa ɗaya daga cikin waɗannan kaya waƙa, da duk mai son ya yi tarken waƙar da aka riga aka yi, wajibi ne ya fara sanin aikin hannun makaɗi.

4.1 Matsayin Kayan Tsirkiya a Wannan Yanki

Boɗinga da Shagari suna kan hanyar da ta tashi daga Sakkwato ta nufi Tambuwal da Jega, kuma ƙasa ce mai tarihin malanta. A Sifawa, cikin ƙaramar hukumar Boɗinga ta yau, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna yana karantarwa kafin ya koma Sakkwato a 1815, ƙanensa Malam Abdullahi kuma ya zauna a garin Boɗinga. Malaman jihadi sun yi rubuce-rubuce kan hukuncin kiɗa, kamar yadda Veit Erlmann ya tattaro a littafinsa na 1986, kuma kayan tsirkiya suna daga cikin waɗanda suka fi shan suka saboda alaƙarsu da bori da wuraren shashanci.

Wannan tarihi ya bar gurbinsa. Kiɗan fada a ƙasar Sakkwato ya tsaya kan kayan fata da na busa, irin su taushi da kotso da tambari da kakaki da algaita. Kayan tsirkiya kuwa suka zauna a hannun talakawa, garaya wajen mafarauta da 'yan bori, gurmi wajen 'yan kokawa da samari, goge wajen bori da wasannin dare. Da aka fara nazarin waƙar baka a jami'o'i, sai hankalin manazarta ya fi karkata ga manyan makaɗan fada irin su Ibrahim Narambaɗa da Salihu Jankiɗi da Musa Ɗanƙwairo da Sa'idu Faru, da kuma Mamman Shata mai kalangu. Dukkansu suna waƙa ne da ƙungiya, akwai jagora, akwai 'yan amshi, akwai masu kiɗa. Hanyar nazarin da ɗalibai suka gada, wadda Sa'idu Muhammad Gusau ya tsara a Jagoran Nazarin Waƙar Baka, ta tanadi wurin duba kiɗa da rauji. To amma a aikace yawancin ɗalibai sukan ambaci sunan abin kiɗan a layi ɗaya, su wuce zuwa turke da salo, kamar dai kiɗan riga ce da aka yafa wa waƙar bayan an gama ta. A waƙar ƙungiya wannan sakaci yana iya ɓuya, domin 'yan amshi suna furta abin da ake rubutawa. A waƙar tsirkiya ba ya ɓuya, domin rabin zancen yana bakin tsirkiyar.

4.2 Darasi Daga Hap da Kora da Biram

Kafin a shiga kayanmu na gida, yana da kyau a leƙa wani abin kiɗa da wannan matsala ta fi fitowa fili a kansa, wato hap na Turawa. Masu fassara sukan kira shi garaya ko molo, amma ƙirarsu ba ɗaya ba ce. A garaya da molo ana danne tsirkiya da yatsun hagu don a sauya amo. A hap kuwa kowace tsirkiya amonta guda, ba a danne ta. Babban hap yana da tsirkiya 47 da matakai 7 da ake takawa da ƙafa, uku a hagu, huɗu a dama, kuma da su ake ɗaga amo ko a sauke shi. Sabastiyan Erar, Bafaranshe, shi ya kammala wannan tsari a 1810. Makaɗin hap yana aiki da yatsu takwas ne, domin ƙaramin yatsa bai kai ba.

Daga nan ne rikici yake tasowa. Mai tsara kiɗa da ya saba da fiyano yana iya rubuta amo goma a bugu ɗaya, tun da yatsunsa goma ne a kan fiyano, alhali makaɗin hap takwas kaɗai zai iya kamawa. Haka kuma yana iya jera amon da ke buƙatar a taka matakai biyu na gefe ɗaya cikin ƙiftawar ido, ƙafa kuwa ɗaya ce a gefen. A takarda kiɗan ya yi kyau, a hannu kuwa ba ya kaɗuwa. Tarihi ya ba da misali mai ma'ana. A 1904 kamfanin Pleyel ya sa Kulod Debusi ya tsara kiɗa don wani sabon hap marar matakai da kamfanin ya ƙera. A 1905 kamfanin Érard ya mayar da martani, ya sa Moris Rabel ya tsara wani don hap mai matakai. Hap ɗin Pleyel bai yi tasiri ba, kuma kiɗan Debusi ya ci gaba da rayuwa ne saboda makaɗan hap mai matakai sun sake daidaita shi da hannunsu da ƙafarsu.

A Afirka ta Yamma ma haka abin yake. Kora ta Mandinkawa tana da tsirkiya 21, amma yatsu huɗu kaɗai ke taɓa su, wato manyan yatsu biyu da manuniya biyu, sauran suna riƙe da sandunan da ke gefe. Duk ƙwarewar marigayi Tumani Jabate na Mali, wanda ya rasu a 2024, cikin waɗannan yatsu huɗu take. Misalin da ya fi kusa da mu shi ne na marigayi Malam Mamman Barka na Jamhuriyar Nijar, wanda ya rasu a 2018. Ya riga ya shahara da gurmi kafin ya sami tallafin UNESCO a 2002, ya tafi yankin Tafkin Cadi don ya koyi biram, wani hap mai tsirkiya biyar da siffar kwalekwale na Budumawa masunta. Gwanin gurmi sai da ya koma almajiri a gaban tsoho Bukar Tar, domin hannun da ya saba danne tsirkiya biyu ko uku bai san yawo a kan biyar da ba a dannewa ba. Ashe ke nan iya waƙa daban, sanin hannun abin kiɗa daban.

4.3 Kayan da Ake Taɓawa

Kuntigi da garaya da gurmi da molo duk taɓa su ake yi, ko da yatsa ko da wani ɗan abu mai tauri, kamar guntun ƙirgin da mai garaya yake riƙewa. Halinsu guda ne, da zarar an taɓa tsirkiya amo ya fita, nan take ya fara mutuwa. Ba yadda za a yi a ja shi. Idan makaɗi yana son amo ya daɗe, sai dai ya yi ta maimaita taɓawa da sauri. Wannan ne ya sa hannun dama ba ya hutawa, yana bin wani zagaye guda yana komawa, tun daga farkon waƙa har ƙarshenta. Wannan zagaye shi ne ma'aunin waƙar. Layin da ya fi shi tsawo dole a karya shi biyu, wanda ya gaza kuma a cike shi da kiran suna ko kirari ko wata 'yar kalma ta cikon baki.

Waƙoƙin marigayi Adamu Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015, su ne suka fi bayyana wannan, kuma an zaɓe su ne domin babu gidan da rediyo bai kai su ba a wannan yanki. Kuntigi tsirkiya ɗaya gare shi, a kan ɗan ƙaramin gwangwani da aka rufe da fata. Amonsa siriri ne, kuma gajere. Idan aka saurari "Waƙar Karen Mota" ko "Mai Akwai da Babu" ko "Jawabin Aure", za a ji layuka gajeru suna bin juna kamar hira, ba a jan wasali, ba a tsayawa ana lanƙwasa murya irin ta makaɗan fada. Ɗalibai da dama sukan fassara wannan da cewa Ɗanmaraya mai sauƙin harshe ne saboda yana magana da talakawa. Wannan gaskiya ne, amma rabinta ne. Sauran rabin shi ne, abin kiɗansa ba ya ɗaukar dogon layi. Gwanintarsa ita ce ya san iyakar kuntigi, ya mayar da ita salo. Abin da ba ya iya dogon amo, sai ya zama abokin ba da labari da kwaikwayon muryoyin mutane.

Abu na biyu shi ne batun amshi. Ɗanmaraya ba shi da 'yan amshi, kuma makaɗan gurmi da molo da dama su kaɗai suke zama. Idan ɗalibi ya juyi irin wannan waƙa a takarda, yakan rubuta cewa waƙar ba ta da gindi, ko kuma ɗiyanta ba su da tsari. Wannan hukunci bai yi wa makaɗin adalci ba. Tsakanin ɗa da ɗa akwai wurin da baki yake yin shiru, tsirkiya ta karɓa ta maimaita karin waƙar. A nan ne makaɗi yake numfashi, a nan yake shirya ɗan da zai biyo. Wato aikin da 'yan amshin Narambaɗa suke yi masa, shi ne tsirkiya take yi wa mai kuntigi ko mai gurmi. Gindin yana nan, alƙalami ne bai iya rubuta shi ba. Wanda ya saurari waƙoƙin soyayya na marigayi Haruna Uji na Haɗeja zai ji yadda gurmi yake amsa masa kamar mutum na biyu.

A garayar mafarauta kuwa, gudun hannu shi ke mulki. Ana kaɗa ta ne don a tsima maza, tare da caki mai ƙara mata zafi. Da irin wannan gudu babu filin doguwar jimla mai sassa. Shi ya sa waƙar take zuwa a gutsure, suna da kirari da zuga, kowanne ya faɗa kan bugu. Mai tarken da ya auna ta da ma'aunin waƙar fada ya ce ba ta da zurfin ma'ana, ya nemi abin da ba don shi aka yi ta ba.

4.4 Kayan da Ake Gogawa

Goge da kukuma sun saɓa wa waɗancan. Tsirkiyarsu ta gashin wutsiyar doki ce, ana goga ta da izga wadda aka shafa wa ƙaro. Muddin izga tana tafiya amo yana nan, don haka goge yana iya jan amo, ya lanƙwasa shi, ya gangaro da shi kamar muryar mutum. Bugu da ƙari, mai goge ba ya danne tsirkiya har ta taɓa sanda, yatsunsa suna dafa ta ne kawai, abin da ke ba shi damar zamewa daga wannan amo zuwa wancan ba tare da yankewa ba. Tsirkiya a sake da yatsu huɗu suna ba da amo biyar ba tare da hannu ya gusa ba, kuma a kan irin wannan tsani mai hawa biyar yawancin karin waƙoƙin gargajiya na Hausa suke tafiya.

Wannan baiwa tana da farashinta. Da yake goge yana kusa da muryar mutum, idan suka fita tare da baki ɗaya yakan danne ɗaya. Saboda haka waƙar goge da kukuma ta ginu ne kan karɓa-karɓa, baki ya faɗi layi, izga ta maimaita shi ko ta ƙarasa shi, ƙwarya tana riƙe da rauji a ƙasa. Ana jin haka a kiɗan gogen Garba Liyo, da kukumar Ibrahim Na Habu da Ahmadu Doka da Hassan Wayam. Sau da yawa akwai zancen da makaɗi ba ya furtawa da baki, musamman habaici ko zambo, sai ya bar wa izga ta faɗa, 'yan kallo kuma su gane su yi shewa. Wanda ya dogara da takarda kaɗai zai rasa dalilin shewar. Tsawon layi a nan yana bin tsawon jan izga ne, inda izga ta juya nan ne gaɓa mai nauyi ta fi son zama.

4.5 Karin Sauti da Karin Harshe

Dalilin da ya sa tsirkiya take iya magana shi ne Hausa harshe ne mai karin sauti, akwai na sama da na ƙasa da faɗau, kuma akwai gaɓa mai nauyi da marar nauyi. A ɗauki wannan jimla: fara ta fara cin farar dawa. Kalma ɗaya ce a rubuce, amma ta farko tana tashi daga ƙasa zuwa sama, ta biyu daga sama zuwa ƙasa, ta uku kuwa tana sama duka kuma gaɓarta ta farko gajera ce. Haka kuka na itace da kuka na hawaye, karin gaɓar ƙarshe ne ya raba su. Makaɗin da yatsansa ya hau inda kalma ta sauka ya ɓata zancen. Don haka idan karin kiɗan ya riga ya zauna a hannu, makaɗi yakan ajiye wata kalma ya ɗauko 'yar'uwarta wadda karinta ya dace da tafiyar yatsa. Abin da mai tarke yake kira zaɓen kalmomi, sau da yawa zaɓen yatsa ne.

A nan ne karin harshen wannan yanki yake da muhimmanci. Mutumin Boɗinga ko Shagari yakan ce kassuwa da hulla da jakki, inda daidaitacciyar Hausa take da kasuwa da hula da jaki. Ta fuskar nauyi gaɓoɓin farko duka masu nauyi ne, amma a kunne ba ɗaya suke ba. Ta Sakkwatanci a rufe take, tana yanke amo, ta dace da taɓin garaya ko molo. Ta daidaitacciyar Hausa a buɗe take da dogon wasali, tana neman abin da zai ja ta. Ɗalibin da ya gyara wa makaɗi Hausa lokacin juyar waƙa, ya goge shaidar da za ta nuna masa yadda harshe da hannu suka haɗu. Ya kamata a rubuta waƙa yadda ta fito daga bakin mai ita.

4.6 Waƙar Situdiyo

Tun daga shekarun 1990, lokacin da finafinan Hausa suka bunƙasa a Kano, fiyanon Yamaha ya zama babban abin kiɗan mawaƙan zamani. A cikinsa akwai muryoyin kayan kiɗa iri-iri, kuma da su ake kwaikwayon goge ko gurmi idan ana son a ba waƙa ƙamshin gargajiya. Babu laifi ga sabon abin kiɗa, shi kansa kuntigi ai da gwangwanin kanti ake yin sa. Inda gizo yake saƙa shi ne, mai danna fiyano yakan faɗa cikin ramin da mai tsara kiɗan hap ya faɗa. Za a ji wai goge yana fitar da amo biyu ko uku a lokaci ɗaya alhali tsirkiyarsa ɗaya ce, ko yana tsalle zuwa amon da hannu ba zai kai ba, ko kuma yana tafiya daki-daki babu zamiyar nan da ta sa shi goge. Za a ji gurmi yana jan amo kamar algaita.

Illar wannan ba ta tsaya ga kunne ba. Idan irin wannan waƙa ta yi tashe, aka je biki aka ce wa mai goge na gari ya kaɗa ta, ba zai iya ba, domin ba don hannu aka yi ta ba. Matasa sai su ɗauka shi ne ya gaza, a biki na gaba a ɗauko mai na'ura. Ta haka sana'a take fita daga gida, yaro ya ƙi gadon ubansa. Maganin abin ba shi da wuya. Mai shirya waƙa ya zauna da makaɗin tun kafin waƙar ta ƙanƙame, ya rera masa, ya ga inda hannu ya tafi sumul da inda ya yi tuntuɓe. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wannan ba yana nufin a daina matsa wa abin kiɗa ya yi sabon abu ba. Amma wanda ya san iyaka shi ke iya faɗaɗa ta.

4.7 Abubuwan da Ya Kamata Mai Tarke Ya Duba

Bisa ga abin da ya gabata, ana ba da shawarar a ƙara waɗannan matakai yayin nazarin waƙar tsirkiya:

(a) A bayyana yawan tsirkiya da yadda ake fitar da amo, taɓawa ne ko gogawa, kafin a shiga turke.

(b) A ƙirga zagayen kiɗa, a gwada shi da tsawon layukan waƙa.

(c) A sa alama a duk wurin da baki ya yi shiru tsirkiya ta karɓa, a ɗauke shi a matsayin amshi.

(d) A bar karin harshen makaɗi yadda yake.

(e) Inda hali ya yi, a kalli makaɗi yana kiɗa, domin gani ya kori ji.

4.8 Naɗewa

A wannan babi an ga cewa ƙirar abin kiɗa da aikin hannun makaɗi suna cikin abubuwan da suke gina waƙa tun daga tushe. An kawo misalin hap da kora da biram don a nuna cewa matsalar ba ta Hausawa kaɗai ba ce. An nuna yadda gajeren amon kuntigi da garaya yake haifar da gajeren layi, da yadda tsirkiya take tsayawa a gurbin 'yan amshi, da yadda izgar goge take raba zance tsakaninta da baki. Haka kuma an ga yadda karin sauti da Sakkwatanci suke shiga cikin lissafin yatsa, da hasarar da ake yi idan aka shirya waƙa ba tare da shawarar mai kaɗa ta ba. Hausawa sun ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Ga makaɗin tsirkiya sai a ƙara da hannunsa. Babi na gaba zai duba turakun waɗannan waƙoƙi da tubalan gininsu.